Neman Kabarin Inna

Mahaifina bai san fuskar mahaifiyarsa ba. Ta rasu yana ɗan yaye, a wani ƙauye da ke arewa da birni, tun kafin Nasara su shigo Kano, kuma ko arba'in ba a yi ba kawunsa ya saɓo shi a kafaɗa ya kawo shi unguwar Madabo. A nan ya tashi, a nan ya yi karatu, a nan ya koyi ɗinkin riguna har ya haife mu. In ka gan shi zaune a zaure, ya baje babbar riga a cinya yana fitar da zanen aska da bakin allura, sai ka rantse kakan kakansa ma a cikin ganuwa aka yanke masa cibiya. Amma duk ranar Juma'a, in ya dawo daga masallaci, ba ya taɓa abinci sai ya zauna ya fuskanci gabas ya yi wa Inna addu'a. Haka yake kiranta, Inna, da wata murya mai laushi da ba ya yi wa kowa ita. Mu yara mun san tuwo zai huce, kuma mun san ba mai tsaurin idon da zai yi magana.

Wadda ta san Inna ita ce yayarsa, Gwaggo. Ta girme shi sosai, domin ita ta goya shi. Da kawu ya ɗauke shi, ita a ƙauye aka bar ta, sai bayan shekaru aure ya kawo ta Jakara gidan wani ɗan kasuwa, suka sake haɗuwa da ƙaninta yana saurayi, ba ta ma gane shi ba sai da aka nuna mata. Lokacin da nake ba da labari mijinta ya daɗe da rasuwa, ta dawo gidanmu, an ba ta ɗakin da ke kusa da rijiya. Tsohuwa ce gajeriya, mai kaifin baki, idonta ya fara hazo amma kunnenta ko ɓera ya gifta sai ta ji. Yini take tana kaɗi, tana faɗa da kaji, tana faɗa da mu. Mahaifina, wanda duk unguwa ke durƙusa wa ana ce masa Malam, ita Auta take ce masa, a gaban baƙi ma, shi kuwa sai ya sunkuyar da kai ya ce, "Na'am, Yaya."

Akwai abu ɗaya da Gwaggo ba ta bari wani ya yi a gidan nan, wato sayen tukunya. In mai tallar tukwane ta yi sallama, sai ta ajiye mazari ta fito. Za ta ɗauki tulu, ta kai shi kusa da kunne, ta ƙwanƙwasa da bayan yatsa, ta taɓe baki.

"Wannan mura yake yi," in ji ta. "Ki mayar wa wadda ta gina shi, ki ce ta ba shi magani."

Sai an sauke kayan duka kafin ta zaɓi ɗaya, shi ma da ƙyar, sannan ta juyo ta ba mu labarin da muka haddace. Inna maginiyar tukwane ce, kuma duk ƙasar ba wadda ta kama ƙafarta. Tulunta in ka ƙwanƙwasa ƙara yake kamar tasa. Tana da alamarta da ba ta canzawa: ta kan murza igiyar kaba a wuyan tulu tun yana ɗanye, igiyar ta bar sawu, sannan a ƙasan sawun ta danna babban yatsa. Daga nan labarin kullum wuri guda yake zuwa. Ranar da Inna ta cika, maza suka turo a kawo tukwanen da za a fasa a rufe ramin, kamar yadda ake yi a ƙauye inda itace ke wuya. Gwaggo, tana yarinya, ta tattara duk abin da ke ɗakin ta miƙa musu ta bakin zana. Daga baya ta ji an ce an kafa wuyan tulu ɗaya a wajen kai don shaida.

"In ka je, Auta, ka nemi wuyan tulu mai igiya da yatsa. Nan take kwance."

Mahaifina ya kan ce, "In sha Allahu, bayan salla." Salla ta wuce, ya ce bayan kaka. Na girma ina jin wannan alkawari, har na ɗauke shi irin maganar da manya ke yi don rufe hira. Sai da na yi furfura da kaina na gane tsoro ne ya hana shi. Muddin bai je ba, kabarin yana nan a ransa, da tudunsa da tulunsa. In ya je bai samu ba fa?

A shekarun alif ɗari tara da hamsin ɗin nan gyaɗa ta haukata kowa. Ni a lokacin ban daɗe da aure ba, na sayi keken ɗinki na kama rumfa a kasuwar Kurmi, abin da mahaifina bai taɓa yafe wa keken ba, don cewa yake surutunsa ya fi aikinsa. Wata rana a ƙarshen bazara na dawo gida da yamma na tarar da jaki a ƙofar gida, da baƙo a zaure. Ɗan ƙanin kakanmu ne daga ƙauye, Baffa muke ce masa, mutum dogo mai sanyin magana, wanda ke sauka gidanmu in ya kawo kaya birni. Yana shan fura yana ba mahaifina labarin gida. Ya ce mutane duk sun tashi daga tsohon gari sun koma bakin hanyar mota, inda masu sayen gyaɗa ke kafa sikeli. Tsohon gari ya zama kufai, kufan ya zama gona. Sai ya ƙara, kamar wanda ke maganar farashin gishiri, cewa tsohuwar maƙabarta ma an daɗe ba a kai kowa ba, ƙayar da aka kewaye ta da ita ta ruɓe, kuma duk shekara garma na cin gefenta kaɗan kaɗan.

"Ba mugunta ba ce," in ji Baffa. "Yaran yanzu ba su san iyakar ba. Bana in aka yi shuka, ban san abin da zai rage ba."

Na ga allura ta tsaya a hannun mahaifina. Ya naɗe rigar da ke cinyarsa, ya tashi ya shiga cikin gida. Na bi shi. Ya tsaya a ƙofar ɗakin Gwaggo.

"Yaya, za ki iya hawa jaki?"

"Ni da na hau jaki ina goye da kai?" Ta ɗago ta dube shi da idonta mai hazo. "Yau kuma wace salla ce ta wuce?"

Daga nan ba ta ƙara tsokanarsa ba. Ni kuwa ya ce in rufe rumfa, in nemo takarda da tawada. Yana so in an je a rubuta wanda ke kwance a kowane wuri, gwargwadon abin da aka tuna, don kada wata rana jikoki su ce daga sama muka faɗo.

Ruwan farko ya sauka kafin mu tashi, don haka gari ya yi sanyi, ƙasa na ƙamshi. Muka fita bayan sallar asuba. Wanda bai ga Kano ta lokacin ba, in na ce masa a cikin ganuwa akwai gonaki sai ya ce tsufa ya taɓa ni. To akwai su. Da ka bar gidajen unguwa ka ba Dala baya, fili ne da kududdufai da 'yan bishiyoyi har zuwa Ƙofar Ruwa. A bakin ƙofar muka yi cirko-cirko muna jiran masu shigowa, mata ɗauke da ƙwaryar nono, jakai da itace, masu tallar tabarmi, kowa na gaisuwa da kowa. Ganuwar ta yi jajir bayan ruwa, tsayinta sai ka ɗaga kai hula ta faɗi. Yau in na bi ta wurin, in ga shaguna da hayaƙin mota inda na san shamuwa na kiwo, raina ɓaci yake, kuma ba na ɓoyewa.

Gwaggo na kan jakin Baffa, ta yi lulluɓi, tana ta ba jakin umarni yana ta ƙin ji. Mahaifina na gefenta a ƙasa, riƙe da takalmansa a hannu don kada su lalace, mutumin da iyakar tafiyarsa daga zaure zuwa masallaci ne. Kafin hantsi ya fara ɗingishi. Ta ce ya zo su yi musaya, ya ce Allah ya kiyaye. Ta ce, "To ka ji da shi, ɗan birni." Ban taɓa jin su suna dariya tare kamar ranar nan ba. Muka isa sabon garin da rana ta karkata, aka sauke mu gidan Baffa, dangi suka yi ta shigowa ana nuna mana su, wannan jikan wane, wannan 'yar wance, mu dai sai gyaɗa kai. Zumunta a ƙafa take, kuma ƙafarmu ta yi nauyi shekara da shekaru.

Washegari muka nufi kufai. Ni abin da na gani fili ne kawai, an share shi ana jiran shuka, sai tsirarun bishiyoyi. Gwaggo kuwa gari take gani. Ta sa aka tsayar da jaki a gindin wata kuka, ta shafa jikinta, ta ce a nan ake sussuka. Ta nuna wani ɗan tudu ta ce masallaci ne. Ta nuna wani kwari da ruwan jiya ya taru ta ce nan Inna ke haƙo yumɓu, ita tana ɗauko mata a kai, Auta na bayanta yana ja mata gashi. Mahaifina na biye yana kallon duk inda yatsanta ya nufa, kamar yaron da aka kai kasuwa ranar farko. Da muka zo wata tsamiya sai ta ce a sauke ta.

"Iyakata ke nan. Ga maƙabartar can, wajen aduwoyin nan. Ku je."

Mace ba ta bin gawa, ba ta shiga maƙabarta, haka aka tashe ta kuma haka ta riƙe. A ƙarƙashin tsamiyar nan, in ji ta, ta taɓa laɓewa tana yarinya tana hangen wurin, ba ta taɓa ƙara taku ɗaya ba. Muka shimfiɗa mata tabarma, muka ajiye mata buta, mu uku muka wuce.

Muka tuɓe takalma, muka yi wa mutanen wurin sallama. Ba wani tudu da ya rage sosai, duk sun kwanta sun zama ɗaya da ƙasa, sai dai ruwa ya wanke saman wurin, bakunan tukwane da wuyan tuluna sun leƙo nan da can, duk ta gefen kudu inda ake sa kai. Ba mu yi nisa ba mahaifina ya tsaya cak. A gabansa ga wuyan tulu ja, rabinsa a binne. Ya durƙusa ya share ƙasar da hannun rigarsa. Ga sawun igiya ya kewaye wuyan, ga gurbin yatsa a ƙasa.

Ban taɓa ganin hawayen mahaifina ba sai ranar. Ya zauna dirshan ya ɗaga hannu, ya yi ta addu'a, ni da Baffa muna amin. Mun daɗe a haka. Da na shafa addu'ar, idona ya sauka a kan kabarin da ke kusa. Shi ma da bakin randa a kansa, da igiya, da yatsa. Na matsa gaba kaɗan, na duba na kusa da shi. Igiya da yatsa. Na gaba ma haka. Baffa ya zo ya tsaya kusa da ni, ya duba, ya sosa ƙeya.

"Af, wannan ce alamar da kuke nema?" Ya rage murya. "Ai inda Malam ke zaune, in ban manta ba, wani tsohon maƙeri ne."

Mahaifina ya ji. Ya miƙe a hankali, ya bi layin yana dubawa, ya koma wani layin. Duk tsofaffin kaburburan hannu ɗaya ne a kansu. Ba wanda ya taɓa kawo wannan a ransa a cikinmu. Mu teloli ne na birni, ba mu san komai game da tulu ba sai shan ruwansa. Gwaggo kuwa ba ta taɓa ganin cikin wurin ba, kuma a zuciyarta kabari ɗaya ne tak a maƙabartar nan. Mahaifina ya juya ya nufi tsamiya da sauri, ya manta da ɗingishi, ya manta da takalma.

"Yaya! Shekara nawa kina ce mini igiya da yatsa? Kowa a wurin nan igiya da yatsa ne!"

Ban taɓa jin ya ɗaga mata murya ba. Na zaci za ta wanke shi tas. Sai kawai ta dafa ƙirji.

"To wa zai gina musu, in ba ita ba?" ta ce, kamar da kanta take magana. "Kowane gida tulunta ne. Wayyo ni. Ban taɓa tunani ba, Auta, wallahi ban taɓa ba."

Ya zauna a gefen tabarmar ya ba mu baya. Can ya ce a ɗaura wa jaki kaya, a koma gida, abin da yake gudu ke nan tun farko. Tausayinsa ya kama ni. Gwaggo ce ta ƙi. Ta ce ba ta sha wuyar jaki don ta juya daga gindin tsamiya ba. Tunda ita ba za ta shiga ba, a kawo mata su ɗaya bayan ɗaya ta taɓa, ko ba komai ta gaisa da hannun uwarta. Mahaifina ya ce ba a ɗaukar kayan mamaci. Baffa ya ce ai ba ɗauka ba ce, aro ne, kuma wanda ya saki ƙasa da kansa kawai za a taɓa, a mayar da shi inda yake. Mahaifina bai hana ba.

Haka na zama ɗan aike. In na ɗago gutsure sai in ajiye hulata a gurbinsa don kada in rikice, in kai mata, ta shafa, in mayar, in ɗauki hula. Tana karɓa sai ta rufe ido ta bi sawun igiyar da yatsa, ta ce, "Hannun Inna ne." Baffa kuma in na nuna masa wurin sai ya faɗi wanda ya ji an ce yana nan, in ya sani, ita ta ɗora da labari. Wannan kakanku ne, mai rowar taba, amma in ya ɗauki garma sai an roƙe shi ya ajiye. Wannan ƙanwarsa ce, wadda ta yi yaji ta tafi da akuyar mijinta, akuyar ta dawo ita ba ta dawo ba. Wannan wanda ya haƙa rijiyar gari ne. Wasu ba wanda ya san su, sai mu ce Allah ya san su. Ni ina tsugune ina zana layi a takarda, ina rubutawa da ajami, tawada na bushewa a bakin alƙalami. A hankali na ga mahaifina ya juyo yana saurare, har ya fara tambaya. Takardar nan ta yi shekaru a cikin gafakar littattafan mahaifina, daga baya gara ta cinye ta wata damina da ɗaki ya yi yoyo. Na yi baƙin ciki, amma labaran suna kaina, kuma na ba 'ya'yana.

Rana ta yi sanyi, na kusa gama kewaye wurin, ba mu samu komai ba. Sai can a gefen yamma, bayan aduwa ta ƙarshe, inda kunyoyin bara suka matso har ana iya taɓa su da hannu daga kan kabari, na ga wani ɗan wuyan tulu. Garma ma ta taɓa shi, ta ɓantare gefe. Ban taɓa ganin abu mummuna irinsa ba. Kauri gare shi kamar na turmi, baki a karkace, gefe ɗaya ya fi ɗaya tsawo, babu igiya babu ado. Na so in wuce shi, sai na ce bari in kai wa Gwaggo ta samu abin zagi, ko mahaifina ya yi murmushi. Na ajiye hula na ɗauko.

"Gwaggo, ga wanda ko kyauta aka ba ki ba za ki karɓa ba."

Ta karɓa ta juya shi. "Kai! Wace ragguwa ce ta gina wannan? Wannan ai ko kaza ba za ta sha ruwa a ciki ba." Ta kai shi kunne za ta ƙwanƙwasa, sai yatsanta ya faɗa wani ɗan gurbi a ƙasan wuyan. Ta tsaya. Ta gwada sa babban yatsanta, bai shiga ba, gurbin ya yi masa kaɗan. Ta sa ƙaramin yatsa, ya zauna daidai. Ta ɗago kai ta dube ni.

"A ina ka samo shi?"

Na nuna mata.

"Auta," ta ce, "matso." Muryarta ta canza, ta zama ta wata yarinya da ban sani ba. "Ni ce ragguwar. Ni na gina shi."

Ta ba mu labarin da ba ta taɓa ba mu ba, ba don ɓoyo ba, sai don ba ta ɗauke shi komai ba. Shekarar da Inna za ta rasu ta fara koya mata gini. Wannan ne tulunta na farko da aka gasa. Da aka fito da shi daga wuta Inna ta yi dariya har da hawaye, ta ce wannan ba za a kai shi kasuwa ba, kada a ɓata mata suna, a bar shi a ɗaki. Da ciwo ya kwantar da ita kuwa, da shi ake ajiye mata ruwa a gefen shimfiɗa, don ta ce ruwansa ya fi sanyi. Ranar da maza suka nemi tukwane, Gwaggo ta haɗa har da shi ba ta ma lura ba. Ashe manyan, masu igiya da yatsa, su aka fasa aka rufe ramin, suna can ƙarƙashin ƙasa. Ɗan ƙaramin da ya rage shi aka kafa a wajen kai.

"Ban sake taɓa yumɓu ba daga ranar," in ji ta. "Shi kaɗai ne a duniya. Ba wani gida da ya saye shi. Je ka, Auta. Nan take."

Mahaifina ya karɓi gutsuren da hannu biyu. Shi ya kai shi da kansa, ya ɗauke hulata ya miƙo mini, ya mayar da shi gurbinsa ya danna ƙasa a gefe. Wannan karon bai yi kuka ba. Ya zauna a gefen kabarin har muka ji kiran magariba daga sabon gari, sannan ya yi addu'a gajeriya ya tashi.

Kashegari Baffa ya tara samari aka saro rassan itacen dashi, don in aka kafa su gab da damina kamawa suke su zama shinge. Mai gonar da ke gefen ma ya zo da gatarinsa. Da ya ji inda garmarsa ta kai sai ya yi ta salati, ya ja da baya daga iyakar da kansa fiye da abin da aka nema. Muka yini muna haƙa muna kafawa. Mahaifina, wanda hannunsa bai san abin da ya fi allura nauyi ba, ya dage sai ya kafa na gefen yamma da kansa, ya fito da bororo a tafi, Gwaggo na hango shi daga tsamiya tana cewa a karɓe kafin ya kashe kansa. Aka bar 'yar kafa ta shiga a gefen kudu. Dashin nan ya kama. Na koma bayan shekaru na tarar ya fi ni tsawo, gyaɗa ta kewaye shi ta kowane gefe amma ba ta tsallaka ba.

Ranar komawa, an ɗaura wa jaki kaya, muka biyo ta kufai don mahaifina ya yi bankwana. Aka sauke Gwaggo a gindin tsamiya kamar kullum. Ba ta zauna ba. Ta tsaya tana fuskantar shingen, tana gyara lulluɓi, ta gyara ta sake gyarawa.

"Auta, kama hannuna."

Ya dube ta. "Yaya, ciki?"

"Ni da na kusa shiga irinta a kan makara, me ya rage? Ka bari in shiga da ƙafata sau ɗaya."

Baffa ya juya ya shiga gyara igiyar jaki, wadda ba abin da ya same ta. Mahaifina, malamin Madabo, bai kawo mata nassi ko ɗaya ba. Ya kama hannunta. Ta tuɓe takalma a bakin kafar, suka shiga a hankali, tsoho da tsohuwa, yana kauce mata da kaburbura, ina biye daga nesa kaɗan. Da suka isa bayan aduwa ta durƙusa, ta lalubo ɗan karkataccen tulun ta dafa shi. Sannan ta jawo hannun mahaifina ta ɗora a kan ƙasar, ta danne da nata.

"Inna," ta ce, "kin ce in riƙe miki shi, kada in sake shi. Aka karɓe shi daga bayana, ban iya hanawa ba. To ga shi na kawo miki. Har ya yi furfura."